Rumbun Gidan Ɗanmaraya

Motar furoje, wato ƙungiyar taimakon manoma, ta kafe a cikin rairayi daf da shiga Tsamiyar Bakari. Sai da Nura direba ya sauka ya tone ƙarƙashin tayoyin da hannu, ya cusa ƙirare, sannan ta fita da gurnani. Suwaiba tana zaune a gaba, ta rungume jakar da rakodarta take ciki, zufa tana bin bayanta. Bazara ta kai inda ta kai. Gonaki duk an share su, an ƙone tushiyoyi, kowa ya zuba wa sama ido, sama kuwa fari fat, ko ƙyallin hadari babu.

Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, suka ce riƙon ƙwarya za su yi har a yi zaɓe. A ƙaramin gidan rediyon da Suwaiba take aiki a Agiye, babban abin da ya canza shi ne yanzu mutum yana iya faɗin kalmar yunwa a gaban makirfo ba a kira shi buro, ofishin hukuma, ba. A da sai dai a ce ƙarancin cimaka. Ita ce take rubuta shirin Tanadin Gida, ita take karanta shi, kuma daga rubutun nata furoje ta buga ɗan littafin da ake karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci: yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara, yadda ake barbaɗa toka da ganyen bedi, yadda ake raba hatsin rani da na damina.

Ba don albashi kaɗai take yi ba. 'Yar Cadakori ce. Tana yarinya ta ga ubanta ya buɗe rumbu da rani saboda hidimar wani biki, damina ta zo ba ko tiya ɗaya a gidan, ya wuni yana noma gonar wasu don a ba shi abin da za a dama, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Shekarar da ta biyo baya ta fi muni. Don haka ranar da ta zauna rubuta darasin rumbun damina, ba ta sassauta ba. Ta rubuta: rumbun damina ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka. Ko baƙo ya zo, ko biki ya taso, ko yara sun yi kuka, a nemi wata dabara. Wancan na yaran daga baya ta ƙara shi, don ta ji jimlar ta fi zama a kunne.

Da kaka, duk da shekara ba ta yi kyau ba, furoje ta nemi manomin da ya fi kowa tanadi, aka samo wani Gajere a wannan ƙauye na ƙasar Gangara. Suwaiba da kanta ta zo, ta hau tsani ta leƙa rumbunsa, ta ga zangarniyoyin hatsi har baki. A gabanta aka liƙe shi da laka, aka ɗora jinka. Ta ɗauki muryarsa, ta watsa, aka ba shi kyautar ƙaramar rediyo da buhun taki. Yau shugabanta Abdurrahaman ya turo ta ta ɗauko ci gaban labarin, don baƙin furoje suna tafe, ana son a nuna musu gidan da tanadi ya tsare daga yunwa.

Magaji, shugaban kwamitin rabon abinci na ƙauyen, shi ya tarbe su a gindin tsamiya. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa.

"Madam ta rediyo, sannunku da hanya. Kun same mu yadda kuka same mu."

"Ina Gajere?"

"Ya tafi ci-rani Katsina tun bayan kaka. Amma tsohonsa yana nan, da matar Gajeren. Ai gidan ba su da damuwa, su ne masu rumbu."

Suka ratsa ƙauyen. Ba a jin ƙarar turmi ko'ina. A wata ƙofa mata suna tsinke ganyen jiga a faifai, suka ɗaga kai suka gaishe ta, ɗaya ta ce da 'yar'uwarta a hankali, ita ce mai maganar. Suwaiba ta saba da haka, muryarta ta riga fuskarta zuwa ko'ina.

Rumbun yana nan yadda ta bar shi, a kan duwatsunsa, jinkarsa ta yi baƙi da rana. A inuwarsa Ɗanmaraya, uban Gajere, yake zaune a kan buzu, rediyon kyauta a cinyarsa. Idanunsa sun yi fari tun shekarar da ta wuce, shi ya sa ya sakar wa ɗansa gandu. Tana yin sallama ya washe baki.

"Wannan murya na san ta. Ɗiyata, ke ce da kanki? Ku shimfiɗa mata tabarma."

"Ina kwana, baba. Yaya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne. Kin ga abinku nan, ba wanda ya taɓa. Nan nike wuni, nan nike sallar azahar da la'asar. An zo an roƙe ni, har ƙanena ya zo daga Gidan Rumji da jakinsa, na ce a'a. Na ce masa ko baƙo ya zo, ko biki ya taso, ko yara sun yi kuka. Ban ɓata ba ko?"

"Ba ka ɓata ba, baba."

Ta kunna rakoda, ya yi ta magana, muryarsa da ƙarfi irin ta mutumin da ya san yana da abin faɗa. Ya ce a shekarar farko da ya ba yaro gandu, yaro ya fitar da shi kunya. Gonar gida ba ta yi ba, amma ta daji, mai nisa, ta rufa asiri. Ya ce irin da ke cikin rumbun nan tun na kakansa ne, wanda ya zo da shi daga kudu a cikin burgami. Suwaiba tana saurare tana jin daɗi. Abin da Abdurrahaman yake so ke nan daidai.

"Saura uwar gida," ta ce. "Ina son in ji ta bakin mata."

"Tchima tana ciki. Shiga, ɗiyata, gidanku ne."

Ta sunkuya ta shiga ɗakin. Sai da idonta ya saba da duhun sannan ta ga Tchima durƙushe gaban ƙwarya, tana tsiyaye ruwan 'ya'yan anza da ta jiƙa don ɗacinsu ya fita. Da kaka mace ce mai jiki, mai saurin dariya, ita ta dama musu fura. Yanzu zanen ya zagaye ta har ya yi saura. A kan tabarma, kusa da bango, akwai wani ɗan ƙunshi da Suwaiba ta ɗauka tsumma ne, sai da ya motsa.

Kubra ce, 'yar da ta gani tana tatata a tsakar gida da kaka. Gashinta ya yi ja ya zube, hannuwanta kamar sillen kara, ƙafafun kuwa sun kumbura suna sheƙi. Ido buɗe, amma ba ta kallon komai. Ƙuda ya sauka a gefen bakinta, ba ta kore shi ba. Suwaiba ta danna yatsa a bayan ƙafar, ta ɗaga, gurbin ya zauna bai taso ba.

"Tun yaushe take haka?"

"Tun da sanyi ya fita ta fara zawo. Kumburin bai jima ba."

"Mi take ci?"

Tchima ta dubi ƙwaryar anza.

"Ba ku karɓi rabon da aka yi ba?"

"An ce mu masu rumbu ne. Babban yaron na kai shi wurin innata a Gangara. Wannan ba ta yarda da kowa."

"Baban ya san halin da take ciki?"

"Baba tsoho? Ba ni kai ta wurinsa. In ya tambaya sai in ce tana barci."

Tsakanin tabarmar yarinyar da rumbun bai fi taku kaɗan ba. Suwaiba ta miƙe.

"Yau za a buɗe shi."

Tchima ta saki ƙwaryar ta riƙo gefen zanenta. "Madam, ki bar shi."

"Ɗiyarki tamowa gare ta, mai tsanani. Hatsi yana nan waje a rufe."

"Na sani. Don Allah ki bar shi. In taimako za ki yi, ki kai mu likita da motarku, shi ke nan. Kada ki taɓa rumbun."

"Tsoron Gajere kike ji? Ni zan ɗauki laifin. Ni na faɗi maganar da ta rufe shi, ni zan warware ta. In an kai ta likita an sallamo ku, mi za ku tarar a gida? Anza?"

"Madam, ba ki gane ba."

Suwaiba ta ɗauka ta gane. Ta sha ganin matan da miji ya tafi ya bar su da kashedi, ta sha yin shiri a kansu. Ta zare zanenta daga hannun Tchima a hankali, ta fita.

Magaji ta fara tara. Ta tambaye shi yadda aka yi aka tsallake gidan da yarinya take mutuwa.

"Madam, buhunan da aka kawo ko rabin gari ba su isa ba," in ji shi. "Akwai gidan da ko dusa babu. Yaya zan ba mai rumbu cike in hana wanda bai da komi? Kuma ke da bakinki kika gaya wa duniya abin da ke ciki. Mu dai mun ga gonarsa ta gida ba ta yi ba. Ta daji ba wanda ya je. Rediyo ta ce ya samu, muka ce to."

Ta koma inuwar rumbu ta durƙusa gaban tsohon. Mutane sun fara taruwa a bakin zana, don labarin zuwan mota ya kewaya.

"Baba, ina son ka ba da izini a buɗe rumbun nan yau."

Murmushin ya bar fuskarsa. "An yi ruwa wani wuri ne?"

"Ba a yi ba."

"To gwada ni kike?"

"Ba gwaji ba ne. Jikarka ba ta da lafiya, yunwa ce. In ba ta samu abinci ba, ita da uwarta, ba za ta ga ruwan shukar ba."

"Kubra? An ce mini haƙori take fiddawa." Ya juya fuskarsa wajen ɗakin. "Tchima, ba haƙori ba ne?"

Tchima tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baki.

"Ke kika ce ko yara sun yi kuka," ya ce da Suwaiba, ba da faɗa ba, kamar mai neman a tuna masa hanya.

"Ni na ce. Kukan kwaɗayi nake nufi, baba, ba wannan ba. Wannan ta ma daina kukan. A ɗebi kaɗan daga sama, a bar iri, a sake liƙewa. Ni zan tsaya a yi."

Ya daɗe yana shafa rediyon da babban yatsa. Can ya ajiye ta a kan buzu.

"Tunda mai maganar ta ce. Magaji, ku buɗe. Ku yi bismilla. Ku bi a hankali da jinkar, Gajere ya sha wuya kanta."

Aka kawo tsani. Nura da Magaji da wasu maza biyu suka ɗaga jinkar suka sauke ta gefe. Nura ya hau da 'yar fartanya ya dinga ƙwanƙwasa lakar har murfin ya tsage, ya ɓamɓare shi. Ƙura ta tashi. Mata sun matso har cikin gida, wasu da yara a goye, ba mai magana. Ko ba naka ba ne, ganin hatsi a irin wannan lokaci wani abu ne.

Nura ya leƙa. Ya zura hannu har kafaɗa. Ya zaro, ya sake zurawa ta wani gefen. Sannan ya dubi Suwaiba daga saman tsanin.

"Miƙo mana," in ji Magaji.

Ya miƙo damin kara. Busasshen karan hatsi, an ɗaure shi tsaf kamar dami, babu zangarniya ko ɗaya. Ya miƙo wani, ya miƙo wani. Ya shiga ciki gaba ɗaya, aka ji yana ta watsa kara, ɓeraye biyu suka fito ta baki suka bi bango. Da ya fito, abin da ke tafin hannunsa 'yan zangarniyoyi ne da ba su cika faifai ba, su ma ɓera ya ci rabinsu.

Wata mata ta yi salati a hankali. Suwaiba ta tuna ranar da ta hau wannan tsani da takalminta mai tsini, ta leƙa, ta ga zangarniyoyi har baki, ba ta zura hannu ba.

"Na ji kun yi shiru," in ji Ɗanmaraya. "Gara ta shiga ne? Ku ba ni in taɓa."

Ba wanda ya motsa. Tchima ce ta tako, ta ɗauki dami ɗaya, ta durƙusa ta ɗora masa a cinya. Ya bi shi da hannu daga gindi har sama, inda ya kamata ya ji kan hatsi, yatsunsa suka wuce cikin iska. Ya sake bi. Ya karya sili ɗaya ya kai hanci.

"Duka haka yake?"

"Duka, baba," in ji Magaji.

Kowa a wurin ya san abin da ake jira. Uban da ɗansa ya yi wa haka a bainar jama'a, kalma ɗaya ta tsinuwa ta ishe shi, kuma in ta fita ba ta komawa. Tchima ta dafa ƙasa da hannu biyu, kanta a sunkuye. Sai a lokacin Suwaiba ta fahimci abin da matar take tsarewa da cikinta da na 'yarta tun kaka.

Tsohon ya gyara zama. Ya share maƙogwaro.

"Tsufa ya ci ni," ya ce da ƙarfi, yadda na bakin zana za su ji. "Ni na sa shi. Ni na ce ya cika shi da kara ya liƙe, kada a ce gidan Ɗanmaraya ya wayi gari ba rumbu. Yaron bai so ba, na tilasta shi. Na manta ne. Ku yafe ni, na wahalar da ku."

Magaji ne ya fara cewa, "Haka ne, baba. Mantuwa ta kowa ce." Wani dattijo ya ce haka ne. Matan suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, suna jan yaransu, ba mai duban wani. Kafin a jima gidan ya koma daga su sai karan da ke warwatse.

"Tchima," tsohon ya ce, yanzu murya ƙasa ƙasa. "Tun yaushe kika sani?"

"Tare muka ɗaura karan, baba. Gonar daji ba ta ba da komi ba. Ya ce ba zai iya gaya maka ba, shekararsa ta farko. Na saman da aka gani, shi ya sauke a ɓoye kafin ya tafi, ya sake liƙewa, ya bar mana rabi, ya sai da rabi ya yi kuɗin mota. Ya ce kafin ruwa zai dawo da hatsi ya zuba, ba wanda zai sani."

"Furar da nike sha kullum fa?"

Tchima ta ƙara sunkuyar da kai.

"Naku ne kike ba ni." Ya gyaɗa kai. "Kawo mini ita."

Tchima ta shiga ta ɗauko Kubra, ta ɗora masa inda damin karan yake ɗazu. Hannuwansa suka fara daga kai, suka tsaya a kan gashin, suka gangaro haƙarƙari, yana bin su ɗaya ɗaya. Ya zagaye damtsenta da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har suka wuce. Ya riƙe kumburarriyar ƙafar a tafinsa. Yarinyar ba ta yi motsi ba.

"Wannan ce Kubra?"

"Ita ce."

"Ina nan zaune," ya ce. Bai ƙarasa ba. Ya miƙa ta sama, wajen da yake jin numfashin Suwaiba. "Ɗiyata, kuna da mota. Ku tafi da ita."

Suwaiba ta karɓe ta. Ba ta da nauyin da ya kai na jakar rakoda. Ta so ta ce wani abu da tsohon, shi kuma ya riga ya juya fuskarsa ga bangon rumbun.

A bakin mota Magaji ya ce zai sa gidan cikin masu karɓa, tunda yanzu kowa ya gani. Ta tambaye shi yaushe rabo na gaba. Ya ce an ce ana tafe da shi, ba a faɗi rana ba. Ya ce matarsa za ta riƙa leƙa tsohon.

Suka kama hanyar likitar Gazawa, asibitin da ya fi kusa. Tchima tana baya da yarinyar, ta lulluɓe ta da gefen mayafi saboda rana. Kusa da Gazawa salular Suwaiba ta samu layi, ta yi ƙara. Abdurrahaman ne.

"Kin samo? Tsohon ya yi magana da kyau?"

"Ya yi magana."

"Madalla. Ki haɗa shi yau, gobe baƙin za su saurara kafin mu kai su ƙauyen."

"Mushe Abdurrahaman, kada a kai su. In na dawo zan yi maka bayani. Kuma darasin rumbun damina, kada a maimaita shi wannan makon."

"Ai yana cikin tsari, furoje ta biya lokacinsa."

"A sa waƙa," ta ce, ta kashe.

Likitar Gazawa cike take. An kafa rumfar tamfol a fili, mata zaune a jere kan tabarmi, kowacce da nata a cinya, wasu suna lasa wa yara biskit ɗin tamowa daga leda. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, wani mutum mai jajayen idanu saboda rashin barci, ya naɗa wa Kubra ma'auni a damtse, ya tsaya a kan ja, alamar haɗari. Ya danna ƙafar kamar yadda Suwaiba ta yi.

"Wannan ba ta biskit ba ce, kwanciya za ta yi. Mi ya sa kuka jima haka?"

Tchima ta dubi ƙasa. Majo bai jira amsa ba, ya saba. Ya ce a fara ba ta madara da cokali kaɗan kaɗan, in ta riƙe to, in ba ta riƙe ba sai a sa mata tiyo ta hanci. Suwaiba ta bi shi gefe ta tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce wasu suna tashi.

Aka ba su gefen katifa a wani ɗaki mai warin magani da zawo. Tchima ta zauna ta tallafo kan 'yar, tana ɗiga mata madarar a gefen baki. Na farko ya zubo. Na biyu ya zubo. Na uku maƙogwaron ya motsa.

"Tchima," Suwaiba ta ce. "Kin ce in bar shi, ban ji ba."

"An riga an yi, Madam." Ba ta ɗago ba. Can ta kwance bakin zanenta da hannu ɗaya, ta zaro wani guntun kwali da ya yi laushi da zufa. "Lambar Mustafa ce, mai shago a Katsina, wurinsa mutanen garinmu suke sauka. Ki kira mini. A gaya wa Gajere an buɗe, baba ya sani, kuma bai yi masa baki ba. Ya dawo. Ko bai samo komi ba ya dawo, ba sauran abin ɓoyo."

Suwaiba ta fita bayan ɗakin, inda hayaniya ta yi sauƙi, ta tsaya a inuwar wani bedi. Sai a kira na uku aka ɗauka, ana jin ƙarar babura a bayan muryar.

"Gajere na Tsamiyar Bakari? Ai ba ya nan, Hajiya. Ya yi dako a kasuwa, ya yi ga-ruwa, abin bai taru ba. Kullum maganarsa buhu nawa zai cika rumbu. Da ya ga lokaci yana tafiya, sai ya bi wasu samari da suka ce Libiya ake samu da sauri."

"Yaushe?"

"Tun zafi bai yi haka ba. Ta Maraɗi suka bi. Na ce ya ratse gida ya ga iyali, ya ce da wane hannu. Daga Agadas ɗayansu ya kira ya ce gobe za su shiga sahara. Tun daga nan ba wanda ya ji su, har iyayen sauran sun gaji da kirana. Lafiya dai ko?"

"'Yarsa ce ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. In na ji wani abu zan kira lambar nan."

Ta daɗe tsaye da salular a hannu. Ta taga tana hango Tchima, ta sunkuya kan 'yar, cokali a hannu, tana motsa baki kamar mai yi mata 'yar waƙa. Nura ya leƙo daga mota ya nuna mata rana, alamar yamma tana yi, ga hanya. Ta ɗaga masa hannu ya jira.

Da ta shiga, Tchima ta ɗago.

"An same shi?"

"Ya fita wurin aiki," in ji Suwaiba. "Mustafa ya ce zai gaya masa."

Tchima ta dube ta, kallo mai tsawo, irin wanda ta yi mata ɗazu a ɗaki lokacin da ta riƙe mata zane. Sannan ta mayar da idonta kan yarinyar.

"To," ta ce. "Madalla da yana da aiki."

Kofin ya karkace a hannunta, madarar tana zuba a kan katifa. Suwaiba ta ajiye jakar rakoda a ƙasa, ta zauna a gefenta, ta karɓi kofin ta riƙe mata. Tchima ta ɗebo wani cokalin.